Fuskar Aro a Finafinan Ban Tsoro: Roba, Ƙwarya da Idon Mai Kallo a Ƙasar Adar

Fuskar aro ita ce duk abin da ɗan wasa zai ɗora a kan fuskarsa domin mai kallo ya daina ganinsa, ya ga wata halitta. A finafinan ban tsoro tana cikin kayan aiki mafi daɗewa, kuma aiki biyu take yi. Ko dai ta ɓoye fuskar mutum ɗungurungum, ta bar mai kallo yana tambayar kansa wane ne a ciki, ko kuma ta sauya fuskar ta koma ta tsoho tukuf, ta gawa, ta wanda wuta ta ƙona ko ta dabba, alhali ana ganin motsin baki da na gira. Ta farko sanya ta ake yi, a cire idan an gama. Ta biyu manna ta ake yi a fata yanki-yanki, kuma mai kwalliya kan shafe sa'o'i a kanta kafin a kunna kyamara. Daga wannan rabuwa kwatanci yake farawa, sannan a zo kan abin da aka yi fuskar da shi, da kuɗin da take ci, da yadda take jure yanayi, da kuma abin da mai kallo ya riga ya sani game da rufaffiyar fuska tun kafin ya zauna gaban allo. Wannan na ƙarshe shi ne ba a cika kula da shi ba, kuma shi ya fi shafar matashin da ke son shirya irin wannan fim a Madawa, Buza ko Keita na jihar Tawa.

Fuska mai tauri, wadda ba ta motsi, ta girmi sinima da ɗaruruwan shekaru. A wasan gargajiyar Japan da ake kira Noh ana sassaƙa ta da itace mara nauyi a shafe ta da fenti, kuma masassaƙan sun daɗe da gano wani sirri. Idan ɗan wasa ya ɗan ɗaga kai, haske ya sauka a kan kumatu, sai fuskar ta washe; idan ya sunkuyar da kai inuwa ta rufe idanu, sai ta koma ta mai baƙin ciki. Itacen bai motsa ba, wuya da fitila ne suka yi wasan. Kaneto Shindo ya ɗauki irin wannan fuska, ta aljanar kishi mai ƙaho biyu, ya gina fim ɗinsa Onibaba na 1964 a kanta. Wata dattijuwa ce ta cire ta daga gawar wani mayaƙi, take sanyawa da dare tana tare matar ɗanta a cikin dogayen ciyayi don ta hana ta zuwa wurin wani namiji, har daren da ruwan sama ya dake ta, fuskar ta manne ta ƙi fita. A Faransa kuma, a 1960, Georges Franju ya rufe fuskar 'yar wasa Édith Scob da wata farar fuska sumul a fim ɗin Les Yeux sans visage. Babu haƙori, babu jini. Idanu biyu masu rai ne kawai ke leƙowa daga cikin abin da ba shi da rai, kuma hakan ya wadatar.

Misalin da aka fi ambata a Amurka shi ne Halloween, fim ɗin John Carpenter na 1978, wanda aka yi da kuɗin da bai wuce dala 300,000 da 'yan kai ba. Mai tsara kayan fim ɗin, Tommy Lee Wallace, kanti ya shiga ya sayo fuskar roba a kan ƙasa da dala 2. Fuskar ɗan wasa William Shatner ce, wadda kamfanin Don Post ya yi don masoya shirin Star Trek. Wallace ya tsige girar, ya cire sajen, ya faɗaɗa ramukan idanu, ya hargitsa gashin, ya fesa mata farin fenti. Idan aka lura, kusan duk aikin da ya yi ragewa ne. Ya kwashe duk abin da ke nuna cewa fuskar ta wani takamaiman mutum ce, ya bar siffar mutum kawai, kuma da ita aka yi ɗaya daga cikin fitattun makasan sinima. Haka Jason na jerin Friday the 13th: a kashi na biyu, na 1981, buhu ne a kansa mai huda ɗaya, sai a kashi na uku, na 1982, ya sami garkuwar fuska irin ta mai tsaron gida a wasan hokin ƙanƙara. Fuskar da ke cikin Scream na 1996 ita ma kayan kasuwa ce ta kamfanin Fun World, ana sayar da ita tun kafin a yi fim ɗin. Babu ɗaya a cikin waɗannan da ta ci kuɗin kirki.

Kishiyarsu ita ce fuskar dodo ta roba mai rufe kai baki ɗaya, wadda ake lafta wa komai: fiƙoƙi, ƙahoni, ƙuraje, jan harshe. Yin ta ba shi da wuya. A gina siffar da yumɓu, a zuba mata filasta a sami mazubi, a cire yumɓun, a zuba ruwan roba a ciki. Filastar takan tsotse ruwan, ta bar fatar roba manne da bangon mazubin. Idan ta bushe a ɓare ta a yi mata fenti. Mazubi ɗaya zai fitar da fuskoki da yawa, shi ya sa take da araha har ta kai kasuwannin Kano da Maraɗi. 'Yan gidan Ramsay na Indiya sun ci kasuwa da irinta. A wani fim ɗinsu na 1970 da bai karɓu ba, sun lura cewa fitowa ɗaya ce ke tayar da 'yan kallo, wadda Prithviraj Kapoor ya sa fuskar shaiɗan a cikinta, sai suka koma ban tsoro gaba ɗaya, har suka kai ga Purana Mandir a 1984 da Veerana a 1988. Amma lahanin wannan fuska a fili yake. Bakinta ba ya bin magana. Tsakanin ramin idonta da idon mai sanye da ita akwai tazara da kyamara ke kamawa. Bakin wuyanta yakan yi reto a kan riga. Tana aiki daga nesa, cikin duhu, na daƙiƙa biyu ko uku. Da zarar kyamara ta matso ta tsaya a kanta, asirinta ya tonu.

Fuskar da ake mannawa tana da nata tarihin. Lon Chaney da hannunsa ya yi wa kansa kwalliyar The Phantom of the Opera a 1925, ya ɗage kan hancinsa, ya baƙanta kewayen idanunsa, kuma fim ɗin ya haɗa nau'o'in biyu a wuri guda, domin ƙololuwarsa ita ce lokacin da yarinyar ta fizge fuskar da ke sama, ta ƙasan ta bayyana. A 1931 Jack Pierce ya gina goshin Boris Karloff na Frankenstein da auduga da danƙo da wani ruwan sinadari mai daskarewa, shimfiɗa bisa shimfiɗa, kowace safiya daga farko. Daga baya robar soso ta sauƙaƙa aikin. Ana ɗaukar zubin fuskar ɗan wasan, a gina sabuwar siffa a kansa, a kaɗa ruwan roba har ya yi kumfa, a zuba a mazubi a gasa na sa'o'i a tanda. Abin da ke fitowa ba shi da nauyi, yana bin motsin tsokar fuska. Da ita John Chambers ya yi birran Planet of the Apes na 1968, aka ba shi Oscar ta girmamawa. Dick Smith, wanda ya yi kwalliyar The Exorcist na 1973, ya shahara da rarraba fuskar zuwa ƙananan yankuna masu hawa kan juna, goshi daban, kumatu daban, haɓa daban, don kada motsi ya daskare. Da aka ware wa kwalliya gurbinta na dindindin a Oscar, Rick Baker ne ya fara ɗauka da An American Werewolf in London na 1981.

Kowane abu da aibinsa. Robar soso ba ta barin haske ya ratsa ta yadda yake ratsa fatar mutum, don haka sai an sha wahalar fenti, kuma gefunanta sirara sukan yage wajen cirewa, ta yadda kowace ranar ɗauka sai an gasa sabuwa. Jelatin yana da araha, yana da sheƙi irin na nama, ana iya narkar da shi a sake zubawa, amma zafi da gumi suna sassauta shi. Silikon, wanda ya bazu tun daga shekarun 1990, shi ya fi kama da fata, ana cuɗa launi a cikinsa tun kafin ya daskare, kuma zafi ba ya narkar da shi. Sai dai yana da nauyi, yana da tsada, yana buƙatar gam na musamman, ga gumi da ke taruwa a ƙarƙashinsa ba hanyar fita. Akwai kuma matsalar da littattafan koyar da sana'ar ba su cika tsayawa a kanta ba: yawancin kayan da ake sayarwa a shirye an haɗa launinsu ne don farar fata. A kan baƙar fata iyakar da ke tsakanin roba da wuya takan fito ƙarara, hannuwa kuma su ƙaryata fuska.

Idan aka kawo waɗannan kaya jihar Tawa, rana ce alƙali na farko. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40 kusan kullum a tuddan Adar da kwarin Majiya. Jelatin ba ya zuwa ko'ina a irin wannan yanayi. Fuskar roba da aka ajiye a ɗakin kwano takan yi danƙo ko ta bushe ta tsattsage, domin zafi da hasken rana abokan gabar roba ne. Wanda ya sa ta kuwa, cikin 'yan mintoci gumi zai cika masa ido, numfashinsa ya dawo masa. Masu fim ɗin The Texas Chain Saw Massacre sun ɗanɗana irin wannan a bazarar 1973, lokacin da Gunnar Hansen ya riƙa wuni cikin fuskar aro da kaya masu nauyi a zafin Texas da ya kai digiri 40, kuma labarin wahalar wannan ɗauka har yau ana ba da shi. Da hunturu sauƙi yakan samu ta fuskar zafi, amma ƙura tana manne wa gam da silikon, ta kuma shiga ƙarƙashin gilashin da ake sa wa a ƙwayar ido.

Alƙali na biyu ya fi rana tsanani, shi ne idon mai kallo. A unguwannin Amurka da aka yi Halloween don su, mutumin da ya rufe fuska ya tsaya a bakin titi ya riga ya zama abin zargi. A Keita, Tamaske ko Ibohamane, inda Hausawa da Buzaye suka daɗe suna cin kasuwa ɗaya, namijin da ya ja rawani ya rufe baki da hanci kamala yake nunawa, ko kunyar surukai. Amawalin sarki alamar girma ne. Ɗan kabu-kabu yana naɗe fuska saboda ƙura, mace tana sa niƙabi saboda addini. Rufaffiyar fuska ita kaɗai ba ta taɓa zama alamar mugunta a wannan ƙasa ba, ko da yake 'yan shekarun nan sun ɗan sauya lissafin. A garuruwan bakin iyaka na gundumar Madawa, irin su Bangi, mutum mai naɗaɗɗiyar fuska a kan babur da dare yanzu yana tayar da hankali, saboda 'yan bindigar da ke tsallakowa. Wannan tsoro na gaske ne, na mutanen da aka kwashe wa dabbobi aka ɗauke wa 'yan uwa, kuma mai fim ya kamata ya taɓa shi da hattara.

Inda Bahaushe ya fi sanin fuskar aro shi ne tashe. Daga goma ga azumi yara kan bi gida-gida bayan an sha ruwa, wannan ya manna gemun auduga ya zama tsoho, wancan ya cusa tsummoki a riga ya yi tumbi, wani ya shafe fuska da toka da baƙin tukunya, wani ya huda ɓarin ƙwarya ya ɗaura da zare. Kayan da Jack Pierce ya yi amfani da su, auduga da danƙo, su ne kayan ɗan tashe. Bambancin yana ga manufa: tashe dariya yake nema da ɗan hatsi ko kuɗin da za a miƙo. Uwar gida da ta leƙo zaure, abu na farko da take yi shi ne ƙoƙarin gane ɗan wane ne a ciki, ta muryarsa ko ta ƙafarsa. Fatake Hausawa sun kai wannan wasa har Wagadugu tun ƙarni na 19, inda ya zauna da sunan dodo, yara suna yin fuskokin dabbobi da ƙwarya da kwali suna rawa a daren azumi. Can ma nishaɗi ne. Saboda haka mai kallon da ya tashi da tashe, idan ya ga fuskar roba mai fiƙoƙi a allo, tarbiyyar idonsa tana ce masa akwai yaron maƙwabta a ciki. Wannan ne ya sa fitowar da aka shirya don ta razana mutane takan ƙare da shewa a gidan kallo.

Dodon tatsuniya kuwa ba a taɓa ganinsa ba. Mai ba da labari takan faɗi abin da yake yi, yana haɗiye mutane, yana tsare rijiya ko kogi, yana neman a ba shi budurwa, amma siffarsa a taƙaice take zuwa, ga girma ga gashi. Sauran kowane yaro shi ke ƙarasa ginawa a cikin duhun tsakar gida, daidai da abin da ya fi tsoro. Hausawa ba su shahara da sassaƙa fuskokin itace ba yadda Yarabawa suka yi da Gelede ko Dogon na ƙasar Mali, kuma Musulunci ya ƙara nesanta mutane da sassaƙa surar mai rai. Babu wata tsayayyar fuskar dodo da kowa ya yarda da ita. Duk wadda mai fim ya nuna, za ta zo ƙasa da wadda mai kallo ya shigo da ita a ransa.

Akwai kayan ɓad-da-kama guda ɗaya na gargajiya da aka yi shi don ya yaudari ido da gaske, shi ne burtun maharba. Ana sassaƙa dogon wuya da kan tsuntsun da itace, a lulluɓe da fata, sau da yawa a haɗa da bakin burtu na ainihi. Maharbi ya ɗaura shi a goshi, ya yafa baƙin zane, ya duƙa yana tafiya a tsugune, yana kai kan ƙasa yana ɗagowa yadda tsuntsun ke yi in yana kiwo, har ya kusanci naman da yake hari. Fuskar maharbin ma ba a rufe take sosai ba. Abin da ke cin dabbar shi ne sassarfar, da tsayawar, da karkata kan. Darasin daidai yake da na masu wasan Noh: rabin aikin fuskar aro a wuya da kafaɗa yake. Ɗan wasan da aka sa wa fuskar dodo ya ci gaba da tafiyarsa ta zuwa kasuwa ya ɓata kayan, komai tsadarsu.

Bori ya fi kowane kusa da abin da ke girgiza mai kallo a wannan yanki, kuma babu fuskar aro a cikinsa sam. Nicole Echard, wadda ta yi shekaru tana bincike a Adar, ta fitar da littafi a kan borin Adar da Kurfai a 1989. A wurin wasan, idan iska ya hau dokinsa, fuskar da kowa ya sani ce take sauyawa a gaban jama'a: ido ya kafe, murya ta canza, tafiya ta zama ta wani. Kuturu yana zuwa da naɗaɗɗun yatsu, Ɗan Galadima da taƙamar 'ya'yan sarauta, kowane da tufafinsa da kiɗansa. Malamai sun daɗe suna yaƙar bori, ya kuma ja baya ƙwarai, amma hoton bai gushe ba, domin wanda ya taɓa halartar ruƙiyya ya ji wata murya tana fita daga bakin yarinyar da ya sani ya ga abu ɗaya ta wata ƙofa. Jean Rouch ya ɗauki irin wannan sauyin fuska a Les Maîtres fous na 1955, tsakanin 'yan Nijar mabiya iskokin Hauka da ke ci-rani a Akara, kuma fim ɗin ya tayar da hankalin waɗanda suka fara ganinsa a Paris, Turawa da 'yan Afirka, har hukumar mulkin mallakar Ingila ta hana nuna shi a ƙasashen da take riƙe da su. Babu roba ko kaɗan a cikinsa.

Haka abin yake a sauran labaran tsoro na Hausa. Maye ba shi da ƙaho, fuskar maƙwabci gare shi, shi ya sa ake tsoronsa. Aljanar da ake cewa tana tare matafiyi da almuru kyakkyawar mace ce, sai ya sunkuya ya ga kofato. Tsoron yana cikin gano abu ɗaya tak da bai zauna daidai ba a jikin wanda aka riga aka sake da shi. Wannan ne ya sa finafinan macizai na Indiya suka sami gindin zama a ƙasar Hausa. A Nagina na 1986, abin da ake sauyawa a fuskar Sridevi launin ƙwayar ido ne kawai. Nneka the Pretty Serpent na kudancin Najeriya, na 1994, a kan wannan turba ya tafi. Masana'antar Kano, wadda ake ƙirga farkonta daga Turmin Danya na 1990, ita ma ba ta dogara da roba ba wajen nuna aljani. Hoda take sa wa, da kwalli mai yawa, da dogayen farata, da farin mayafi ko baƙi, da murya mai amsa-kuwwa, sannan a yanke hoto mutum ya ɓace. Tushen daidai ne, aiwatarwar ce takan yi rauni. Hodar takan tsaya a haɓa ta bar wuya, dariyar aljanin takan yi tsawo har ta gundura, kuma wutar kwamfuta da ake fitarwa daga ido ta zama abin da yara ke kwaikwayo suna wasa. Waɗannan finafinai, da fassarar Indiya-Hausa irin ta Algaita, su ne ke cika wayoyin matasa a Madawa da Buza ta hannun masu tura fim a kasuwa, su ne kuma ma'aunin da za a auna duk wani sabon aiki da shi.

Idan labari ya buƙaci a rufe fuska dole, kayan da ke ƙasar sun fi na kanti dacewa da ita. Ƙwarya ba ta da nauyi, ba ta narkewa, tana barin iska ta shiga ta gefe, kuma santsinta mara gira mara hanci shi ne ainihin abin da Wallace ya sha wahalar samarwa da almakashi da fenti. Abin da zai raba ta da ta ɗan tashe shi ne a ƙi yi mata baki da haƙora, a bar ƙananan hudoji biyu, a shafe kewayen idon ɗan wasan da baƙi don kada fata ta leƙo. Fatar akuya da majema suka jeme da bagaruwa tana ɗinkuwa ta bi siffar kai, ɗanyar fata kuma idan ta bushe takan murɗe ta yi wata irin yamutsa da babu mai sassaƙa da zai iya ƙirƙiro ta. Madawa ta yi suna da saƙar tabarmar kaba, kuma hannun da ya iya wannan saƙa zai iya saƙa abin da zai rufe mutum daga kai har gwiwa, ya shafe siffar kafaɗa da wuya, waɗanda su ne ke fara tona cewa mutum ne. Buhu yana ko'ina a ƙasar albasa. Takardar buhun siminti da aka jiƙa da koko aka shimfiɗa a kan siffar yumɓu tana bushewa cikin wuni ɗaya a ranar Adar. Har dutsen jifsam da ake yin filastar mazubi da shi ana tsintarsa a wannan yanki ana kai wa masana'antar siminti ta Malbaza. Ƙaro ne kawai ke ba da kunya: yana manna auduga da gashi, amma ruwa yana narkar da shi, don haka gumi kan saki gemun a tsakiyar ɗauka.

Yin fim da abin da hannu ya kai gare shi ba baƙon abu ba ne a jihar. Moustapha Alassane, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a 2015, a garin Tawa ya zauna shekaru masu yawa yana aikinsa. Ya koyi sana'ar a kusa da Rouch, ya ƙaro ilimin zanen motsi a Kanada wurin Norman McLaren, kuma da 'yan tsanan da ya haɗa da hannunsa ya yi Samba le Grand a 1977. Fim ɗinsa Toula na 1973, wanda aka ɗauko daga labarin Boubou Hama, a kan aljanin ruwa yake da budurwar da aka ba shi don a sami ruwan sama a shekarar fari. Nauyin fim ɗin yana kan fuskokin mutanen da suka yanke hukuncin da na waɗanda aka yanke wa.

Akwai ka'idojin lafiya da ba su da makawa ko da wane abu aka yi aiki. Fentin mota da gam ɗin gyaran takalmi ba su da wuri a fatar mutum. Wasu jikinsu ba ya shiri da roba, sai an gwada a hannu tukuna. Idan za a ɗauki zubin fuska, hanci a buɗe yake zama, kuma ba a zuba filasta kai tsaye a fata, domin tana ɗaukar zafi in tana daskarewa, tana kuma kama gashi. Wanda ke cikin rufaffiyar fuska ba ya ganin gefensa, saboda haka gudu a kan duwatsun Keita ko bakin kwazazzaban Buza sai an share hanya an gwada da rana. A halin tsaron da ake ciki kuma, fita da dare da rufaffun fuskoki ba tare da sanin mai gari da jami'an tsaro ba ganganci ne da zai iya cin rai.

Da aka auna su duka a ma'aunin wannan yanki, fuskar dodo ta roba ita ce ta ƙarshe: ba ta jure zafi, ba ta jure ɗaukar kusa, kuma dariya take jawowa. Robar soso da jelatin ba su dace da yanayin ba. Silikon yana da amfani a ƙananan wurare, tabo, ƙuna, yatsa ko kunne, ga wanda ke da kuɗinsa da mai kwalliyar da ya iya haɗa launin baƙar fata. Fuska mai tauri mara ado, ta ƙwarya, fata ko buhu, tana aiki muddin an koya wa ɗan wasa tafiya da tsayuwa, aka kuma taƙaita nuna ta. Wadda ta fi su duka tasiri a kan mai kallon Madawa, Buza da Keita ita ce fuskar ɗan wasan kansa, da toka kaɗan, da ido da ba ya ƙiftawa, da abu ɗaya da aka sauya a jikinsa aka bar mai kallo ya gano da kansa. Ita ce kuma mafi araha a cikinsu.